Ko yini ɗaya ya isa a zagaya tsibirin Gore da ƙafa?

Malam, ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ka zagaya tsibirin Gore na ƙasar Senegal. Zai ishe ka har da saura, domin tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma mota ba ta yawo a cikinsa.

Ka shiga jirgin ruwa da safe daga tashar Dakar, tafiyar kamar minti 20 ce, sannan ka fara da Gidan Bayi, tun da tarihin cinikin bayi ne ya sa UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. A ganina, hawan tudun Kastel ya fi daɗi bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, domin daga samansa ana hango birnin Dakar da faɗin teku, ga kuma tsohon masallaci a gindinsa.