Da gaske ne Apple ko Microsoft za su sayi TomTom da Garmin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi mota 'yar Kwatano, na tarar da na'urar nuna hanya ta TomTom a ciki, amma taswirar Turai ce kawai a kanta. Ina cikin binciken yadda zan sa mata taswirar ƙasarmu sai na ci karo da labarin wai Apple zai sayi kamfanin TomTom, wani wurin kuma na ga an ce Microsoft ne zai sayi Garmin. Shin an yi cinikin? In an yi, na'urata za ta daina aiki? Kuma me kamfanonin manhaja za su yi da mai ƙera irin wannan na'ura? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a yi cinikin ba, ko ɗaya daga cikin biyun. Labaran da ka gani tsofaffi ne, intanet ce ba ta mantuwa. Raɗe-raɗin Microsoft da Garmin sun taso ne a ƙarshen 2007. Na Apple da TomTom kuwa sun yi ƙarfi a watan Disamba na 2012, lokacin da wani mai nazarin hannun jari a bankin Rabobank na ƙasar Holan ya ce yana ganin yiwuwar cinikin ta kai kashi 30 cikin 100. Ka lura da kyau: shi kansa mai maganar ya fi ba rashin yiwuwar rinjaye, amma duk da haka farashin hannun jarin TomTom ya ɗaga, jaridu kuma suka ɗauka suka yi ta yayatawa. Har yau TomTom yana nan a Amsterdam yana cin gashin kansa, Garmin ma haka.

Bari in fara kwantar maka da hankali kan na'urarka. Siginar da take kamawa ba ta TomTom ba ce. Daga taurarin ɗan Adam na GPS take zuwa, mallakar gwamnatin Amurka, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200. Na'urar sauraro kawai take yi, in ta kama taurari huɗu sai ta lissafa inda kake. Ko da kamfanin ya sauya hannu gobe, ko ya rufe baki ɗaya, za ta ci gaba da gane wurin da kake tsaye. Abin da ke hannun kamfani shi ne sabunta taswira, kuma a nan ne ake samun matsala ko da ba a sayar da kowa ba. A farkon 2018 TomTom ya sanar da daina sabunta taswirar wasu tsofaffin na'urorinsa, har da waɗanda aka sayar da alƙawarin sabuntawa ta tsawon rai, bisa hujjar cewa ma'ajiyarsu ta yi ƙanƙanta ga sababbin taswirori. Saboda haka ka juya na'urar, ka duba lambar samfurin da ke jikinta, ka nema a shafin kamfanin ka ga ko har yanzu suna kula da ita. In tsohuwa ce, shawarata ka da ka kashe mata kuɗi. Wayar da ke aljihunka, in ka sauke taswirar yankinka tun kana da data, za ta fi ta sanin titunan Kaduna nesa ba kusa ba.

Yanzu ga tambayarka ta uku, wadda ita ce mai daɗin amsawa. Ruwa ba ya tsami banza, jita-jitar nan tana da tushe, amma tushen ba a jikin na'urar yake ba. Roba ce da gilashi da ɗan ƙaramin batir, masana'antu da yawa a Asiya za su iya haɗa irinta. Dukiyar tana cikin taswirar: sunan kowane titi, inda aka hana juyawa, hanyar da ke bi ɗaya, tsayin gada, iyakar gudu, lambar gida. Kafin 2007 kamfanoni biyu ne kacal ke riƙe da irin wannan taswira ta Turai da Amurka a matakin da za a iya tuƙi da ita, wato Navteq da ke Chicago da Tele Atlas na Holan da Beljiyam. Kusan kowa a wurinsu yake saye, da masu ƙera na'urori, da masu ƙera motoci, da shafukan taswira na intanet.

A shekarar 2007 sai kasuwar ta rikice. A watan Yuli TomTom ya taya Tele Atlas. A watan Oktoba Nokia ya sanar zai sayi Navteq a kan dala biliyan 8.1. Garmin ya farka ya ga rijiyoyin biyu da ake sha duk za su koma hannun abokan hamayyarsa, sai ya shiga cinikin Tele Atlas da tayin Yuro 24.50 kan kowane hannun jari. TomTom ya ɗaga zuwa Yuro 30, jimilla kusan Yuro biliyan 2.9. Garmin ya janye, ya koma ya ƙulla doguwar yarjejeniya da Navteq. A cikin wannan hayaniyar ne aka fara cewa Microsoft zai haɗiye Garmin. Kowa a lokacin yana tambayar wa za a saya gaba, Microsoft kuwa yana da kuɗi jibge, yana fafatawa da Google a fagen taswira, yana kuma neman gindin zama a wayoyi da motoci. Da ganin haka sai masu hasashe suka haɗa biyu da biyu. Amma akwai wani abu da suka tsallake: Garmin ba shi da babbar taswirar tituna tasa, shi ma saye yake yi. Da Microsoft ya saye shi, da ya biya maƙudan kuɗi ya samu masana'antar ƙera na'urori, ya kuma ci gaba da biyan Nokia kuɗin taswira. Abin da Microsoft ya saya a zahiri a Disamban 2007 shi ne Multimap, wani madaidaicin kamfanin taswirar intanet na Ingila.

Wanda ya yi nasara a cinikin Tele Atlas kuma ya sha wuya. TomTom ya ciyo bashi mai nauyi, aka kammala cinikin a tsakiyar 2008 bayan hukumar Tarayyar Turai ta yi dogon bincike kan ko zai hana abokan hamayya taswira, sai ga durƙushewar tattalin arzikin duniya. A ƙarshen shekarar dole ya rage darajar abin da ya saya da kimanin Yuro biliyan 1 a littattafansa. Bai gama farfaɗowa ba, a ranar 28 ga Oktoba 2009 Google ya fito da manhajar nuna hanya mai magana, kyauta, a wayoyin Android. A yini guda hannun jarin TomTom ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, na Garmin da kusan kashi 16. Google ya yi shekaru yana tura motocinsa masu kyamara kan tituna, kuma a wannan watan ne ya daina amfani da bayanan Tele Atlas a Amurka ya koma nasa. Daga ranar kowa ya gane cewa na'urar da ake mannawa a gilashin mota kwananta ya kusa ƙarewa.

Labarin Apple kuma daga kunya ya samo asali. A Satumban 2012 ya cire taswirar Google daga iPhone ya sa tasa, wadda aka gina da bayanan TomTom da na wasu kamfanoni da dama. Abin ya zo da kurakurai masu yawa, garuruwa a inda ba nan suke ba, gadoji a lanƙwashe, har shugaban kamfanin, Tim Cook, ya fito ya ba da haƙuri a rubuce, Scott Forstall da ke jagorantar manhajar kuma ya bar aiki. TomTom ya ce bayanansa lafiyarsu ƙalau, matsalar daga yadda aka haɗa su take. To, ga kamfani mai tarin kuɗi da ke da matsalar taswira, ga kamfanin taswira da darajarsa ta zube. Dole a yi jita-jita. Amma Apple ya bi wata hanya: ya sayi ƙananan kamfanoni, ya fitar da motocinsa na ɗaukar hoto, ya sake gina taswirarsa daga tushe, ya kuma kammala ta Amurka a farkon 2020.

Me ya hana? A ganina dalilai uku ne, kuma na farko ya fi sauran nauyi. Kamfanin taswira kamar dillali ne a kara: darajarsa ita ce kowa ya yarda ba yaron wani ba ne. Ranar da aka san babban attajiri ɗaya ne ke riƙe da shi, sauran masu saye za su nemi wani. TomTom yana sayar wa masu ƙera motoci da kamfanonin fasaha da suke gaba da juna. Da Apple ya saye shi, da yawancinsu sun fara neman mafita, ka ga an biya kuɗin kamfani mai abokan ciniki an tashi da kamfani marar su. Masu ƙera motoci musamman ba sa son allon da ke gaban direba ya koma hannun manyan kamfanonin manhaja. Shi ya sa da Nokia ya sa sashen taswirarsa a kasuwa a 2015, wanda a lokacin ake kira HERE, Audi da BMW da Daimler suka haɗa kuɗi suka saye shi a kan Yuro biliyan 2.8. Ka kwatanta da dala biliyan 8.1 da Nokia ya biya, za ka ga irin asarar da ke cikin wannan harka.

Na biyu, taswira ba ta ƙarewa. Kullum ana buɗe sabon titi, ana rufe wani, ana sauya suna, ana gina shataletale. Ana buƙatar motoci da dubban ma'aikata da ba za su taɓa cewa sun gama ba. Karɓar lasisi ya fi sauƙi, kuma Microsoft ya nuna haka a aikace. Da ya sayi sashen wayoyin Nokia a kan Yuro biliyan 5.44, cinikin da aka kammala a 2014, bai haɗa da taswirar ba, lasisinta ya karɓa. A 2015 ma ya miƙa wa Uber wani ɓangare na sashensa na tattara hotunan taswira tare da ma'aikata kusan 100. Wanda ke rage irin wannan kaya ba shi zai je ya ɗauko babba ba. Alaƙarsa da TomTom ma tana da tarihi mai ban sha'awa: a Fabrairun 2009 Microsoft ya maka TomTom a kotu kan haƙƙin mallakar fasaha, har da na tsarin adana fayil da na'urorin ke amfani da shi a kan manhajar Linux, suka sasanta cikin makonni kaɗan. Daga 2016 kuma suka zama abokan hulɗa, taswirar TomTom ce ke ƙarƙashin Azure Maps, wato hidimar taswira ta Microsoft.

Na uku gajere ne. Mutum huɗun da suka kafa TomTom, cikinsu har da Harold Goddijn da Corinne Vigreux, sun daɗe suna riƙe da kusan rabin hannun jarin. In ba su so ba, babu ciniki.

Akwai wani ciniki da ya tabbata, kuma yana nuna abin da manyan ke so da gaske. A 2013 Google ya sayi Waze, kamfanin manhajar nuna hanya na Isra'ila, a kan kusan dala biliyan 1. Waze ba ya ƙera komai da za ka riƙe a hannu. Abin da yake da shi miliyoyin direbobi ne da wayoyinsu ke ba da labarin cunkoso da haɗari a kan kari. Motsin jama'a shi ne hajar, kuma wannan wuri ne da nake so masu karatu su riƙa sa ido. A 2011 an gano cewa bayanan gudun direbobi da TomTom ya sayar wa hukumomin Holan, 'yan sanda sun yi amfani da su wajen zaɓar inda za su kafa kyamarar kama masu gudu. Bayanan ba su ɗauke da sunan kowa, amma jama'a sun fusata, Goddijn ya nemi afuwa. Duk sa'ad da ka ji wani ƙaton kamfani na zawarcin mai taswira, tambayar da ta shafe ka ita ce hannun wa tarihin zirga-zirgarka zai faɗa.

Kamfanonin biyu kowa ya nemi hanyarsa. Garmin, wanda Gary Burrell da Min Kao suka kafa a 1989, a 2008 sama da kashi 70 cikin 100 na cinikinsa daga na'urorin mota da makamantansu yake. Ya gwada yin waya tare da Asus bai yi nasara ba, sai ya karkata ga agogon motsa jiki da kayan jiragen sama da na ruwa, har cinikinsa ya haura dala biliyan 5 a 2023. TomTom ya sayar wa Bridgestone sashensa na bin sawun motocin kamfanoni a kan Yuro miliyan 910 a 2019, ya tattara ƙarfinsa kan taswira da manhajar cikin mota. A Disamban 2022 kuma shi da Microsoft da Amazon da Meta suka kafa gidauniyar Overture Maps, inda suke zuba bayanai wuri ɗaya don kowa ya ɗiba, abin da masu lura ke gani a matsayin yunƙurin hana Google mamaye fagen shi kaɗai.

Ba zan ce maka ba za a taɓa sayen ɗayansu ba, kasuwa ce. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma akwai hanyar tantancewa mai sauƙi. Fara da duba kwanan watan labarin. Sannan ka duba wa ya faɗa: kamfanin da kansa, ko mai nazari da ke hasashe, ko "majiya" marar suna. TomTom yana kasuwar hannun jari ta Amsterdam, Garmin yana ta New York, kuma doka ta tilasta wa irin waɗannan kamfanoni su sanar da jama'a a hukumance in an yi tayin saye na gaske, da farashi a kan kowane hannun jari, kamar yadda aka ga Yuro 24.50 da Yuro 30 a cinikin Tele Atlas. In ka shiga sashen masu zuba jari a shafin kamfanin ba ka ga sanarwa mai ɗauke da farashi ba, to magana ce kawai ake yi.