Amsa ga uwar da danta mai daukar na daya ya daina karatu

Wa alaikumus salam yar uwa. Kin ce danki tun firamare shi ke zuwa na daya, kowa na cewa kwakwalwa gareshi, amma da ya shiga aji biyu na karamar sakandare sai ya watsar da karatu musamman lissafi, kin masa alkawarin waya in ya ci jarrabawa ko a jikinsa, shine kike tambaya ko kwakwalwar ce ta toshe. Na ga wasu da suka amsa miki har sun yanke hukunci wai kambun baka ne. Addu'a kam a ci gaba da yi, amma na dade ina koyarwa kuma irin yaran nan kusan duk shekara sai na hadu dasu.

Kwakwalwarsa lafiya lau take insha Allah. Tsoro ne ya kamashi. Yaron da ya taso komai na zo masa a saukake, ana ta masa kirari da mai kai, bai taba sanin yadda ake zama a sha wahala kan abu daya ba, to ranar da ya ci karo da lissafin da ya ki shiga a karon farko sai ya dauka asirinsa ne zai tonu. Zaki ganshi a aji in na zo wucewa ya kife tafin hannu kan littafi, ko ya yi ta goge amsa daya har takardar ta huje, in sakamako ya fito yace ai dama ban karanta bane. Gara a kirashi malalaci da a ce bai gane ba.

Masana halayyar dan adam sun gwada wannan a Amurka. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka ba yan aji biyar na firamare tambayoyi, wasu aka yabesu da cewa lallai kuna da basira, wasu kuma aka ce lallai kun dage. Da aka kawo masu wuya, wadanda aka yaba wa basira sune suka fi saurin karaya, da aka dawo kan masu sauki ma sai makinsu ya sauka, wasu cikinsu har karya suka yi suka kara wa kansu maki. Gaskiya binciken da aka yi daga baya ya nuna canza salon yabo kadai baya yin abin mamakin da ake ta zuzutawa, amma a wajen irin danki ni na ga amfaninsa.

Maganar waya kuwa da kin bi tawa da kin janye. Akwai gwajin wani masanin halayyar dan adam Mark Lepper da abokan aikinsa a 1973 kan yan nasare masu son zane, wadanda aka yi wa alkawarin takardar yabo kafin su zana, daga baya suka rage yin zanen don kansu, wadanda kyautar ta zo musu ba zata kuwa basu canza ba. Balle ma shi naki ba kwadayi ya rasa ba, hanya ce ta bace masa.

Ki samu wanda ya iya lissafi kuma mai hakuri, ba yayansa da zai rika masa dariya ba, ya koma dashi baya har aikin aji biyar da shida, yawanci a lissafin rabi da kwata da rabawa ramin yake, an wuce wajen da hadda ba'a gane ba. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar asabar. In ya yi kuskure a barshi ya nemo inda ya kauce da kansa, in ya gano nan ne wajen yabo, ki ce na ga yadda ka sake gwadawa. Kuma dan Allah a daina tambayarsa na nawa kazo a gaban baki.

Sannan a duba idonsa a asibiti, ki kuma bi a hankali ki ji ko wani na cin zalinsa a makaranta, don na taba samun yarinyar da duk matsalarta allo ne bata gani daga bayan aji.