Nawa aka canza maka jaka ɗaya?

Wani ɗan kasuwa daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ya aiko da wannan: "Ina fataucin awaki da wake. Ta Maigatari nake shiga Nijar, wani lokaci har Damagaram. Ɗan kawuna da ke zaune can nake damƙa wa naira, shi ya canza ya biya masu kaya. Ciniki na tafiya, amma jari sai raguwa yake. Ina ya fi in riƙa canji, Wapa ko bakin iyaka? Kuma an ce in na sayi sefa na ajiye, kafin shekara kuɗina zai ninka."

Malam, kafin mu je Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, faɗa min: a tafiyarka ta ƙarshe, naira nawa aka canza maka jaka ɗaya, wato sefa 1,000 a kuɗin Nijar? Na karanta saƙonka daga farko har ƙarshe ban ga wannan lambar ba, kuma na tabbata ba ta cikin littafinka, in ma kana da littafin. Nan ne jarinka ke yoyo. Ka san abin da ka miƙa, ka san dabbobin da aka kora maka, amma abin da ya faru a tsakani sai wanda ka ba kuɗin.

Ban ce ɗan kawunka na cutar ka ba. Wataƙila shi ma duk farashin da ɗan canji ya faɗa masa karɓa yake, tunda ba guminsa ba ne. Amma duba lissafi. A ce ka ba shi naira miliyan 2.6. In an canza jaka a kan 2,600, kana da jaka 1,000. In an canza a kan 2,700, jaka 963 ke nan. Naira ɗari kacal ta ɗauke maka jaka 37, kuɗin akuya mai kyau, ba ka ko taya dabba ɗaya ba. Ka ninka wannan da yawan shigarka a shekara.

Na san wani mai sayen raguna da ya yi shekaru yana haka da surukinsa. Ranar da ya ce a yi lissafi, babu takarda ko ɗaya. Surukin ya ce an zarge shi da sata, shi kuma ya rasa abin da zai nuna. Jarin bai dawo ba, matar mai sayen ragunan ta yi yaji, gidajen biyu har yau ba sa zuwa sunan juna. Rubutu da ya kare su duka biyun, kuma da ya fi kare surukin.

Saboda haka canji ka riƙa yi da hannunka. Ka tambayi mutum biyu ko uku a Maigatari ranar Alhamis da kasuwa ke ci, ka buga waya Wapa ka ji nasu, ka ɗauki wanda ya fi. Bambancinsu yakan yi kaɗan, bai kai wahalar ɗaukar kuɗi zuwa Kano ba. Ka ƙirga a gaban ɗan canjin, ka nemi ƙananan takardu na jaka ɗaya da jaka biyu, don mai akuya a ƙauye ba ya da canjin jaka goma. Ka duba takardun, domin sefar Kamaru da Chadi daban take da ta Nijar, darajarsu ɗaya amma ba a karɓarta a kasuwar can. Kuma ka buɗe kunne in ana ciniki: da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, dala ɗari biyu ita ce jaka. A littafi, kowace dabba ka rubuta kuɗinta da sefa, a gefe ka sa farashin canjin ranar. Ɗan kawun naka ka yanka masa lada sananniya kan kowane kai, ya san nasa, ka san naka.

In za ka sayar a nan gida, kada ka dubi nairar da ka kashe wancan makon. Ka dubi nawa za ka buƙata yau don sake sayen irin dabbar. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a yuro ɗaya tun 1999, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 take hawa da sauka. Mutum ya ga ribar naira dubu goma, ya koma Nijar ya tarar kuɗin ba su sayi abin da suka saya da ba.

Maganar ajiye sefa ta ninka kuwa, ka bar ta. Waɗanda suka samu a 2023 da 2024 faɗuwar naira ce ta same su riƙe da sefa, kuma naira takan farfaɗo ta bar mai ɓoyo da asara. An rufe iyaka a Agustan 2019 har Disambar 2020, an sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Wanda ya zuba duk jarinsa a sefa, da me zai yi cefane a irin wannan lokaci? Ka riƙe ta sayayyar tafiya ɗaya ko biyu, sauran kuɗin su zauna cikin awaki da wake, sana'ar da ka iya.