Me ke sa ruwan masai ya malala cikin teku a biranen da ke da bututun najasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ganganci ne ake sakin najasa ba a tace ba. Sau da yawa injin famfo ne ya tsaya.

Ruwan masai gangara yake bi a cikin bututu. Inda gari ya yi kwari, sai ya taru a wani babban rami, injinan famfo su ɗaga shi zuwa tashar tacewa. Akwai na'urar da ke yawo a saman ruwan, idan ya kai wani mataki sai ta kunna injin. To ka ga, idan wuta ta ɗauke janareta bai tashi ba, ko na'urar nan ta maƙale, ko tsummokara da daskararren maiƙo suka shaƙe famfon, ruwan ba zai jira kowa ba, domin mutanen gari ba su daina shiga bayi ba. Shi ya sa ake barin mafita zuwa kogi ko teku, gudun kada ya koma cikin gidaje.

Haka ta faru a Seattle ta Amurka ranar 9 ga Fabrairun 2017. Ana tsakar ruwan sama matsalar lantarki ta tsayar da famfunan tashar tace najasa ta West Point, ruwa ya cika tashar kanta, sama da galan miliyan 200 na najasa haɗe da ruwan sama suka kwarara cikin mashigin tekun Puget Sound a watan. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu kuwa, yawan ɗauke wuta a 2022 ya tsayar da famfunan najasa, har aka rufe wasu gaɓoɓin teku. Ni dai idan na ga allon gargaɗi, ko ƙafa ba na tsomawa.