Gasar zakarun ƙasashe ta tseren sifidiwe: me ya sa aka daina ta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske an taɓa yin gasar tseren babur da ake tara zakarun ƙasashe kaɗai, kuma me ya kashe ta. An yi. Hukumar tseren babur ta duniya, FIM, ita ta shirya ta, ana kiranta Kofin Zakaru, kuma ta gudana daga 1986 zuwa 1993. Na daɗe ina bin wasan nan tun zamana a Ingila, saboda haka bari in faɗa maka yadda na fahimci abin.

Sai ka san wasan kansa kafin ka gane matsalar. Babur ɗin sifidiwe ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce, injinsa 500cc, kuma metanol yake sha maimakon fetur. Mutum huɗu ke fita a lokaci guda, su zagaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu a kan ƙasa mai tsakuwa, cikin kusan minti ɗaya. Na farko ya samu maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. A kwana ana karkatar da babur ne ya zame, ƙafar hagu na jan ƙasa. Wanda bai taɓa tsayawa bakin shinge tsakuwa na watso masa ba, da wuya ya gane ƙarfin halin da ake buƙata.

Tunanin da ya haifi gasar yana da kyau. Kowace ƙasa tana da zakaranta na shekara, to a haɗa su wuri ɗaya a ga gwanin gwanaye. Ga matuƙi daga ƙasar da wasan bai yi ƙarfi ba, wannan babbar dama ce, domin ta hanyar zagayen share fage na gasar duniya da wuya ya kai inda zai tsaya layi ɗaya da manya.

Amma a ganina, nan ne kuma raunin yake. Dubi Danmak a shekarun nan. Daga 1984 zuwa 1989 kambun duniya bai bar hannunsu ba: Erik Gundersen ya ci a 1984, 1985 da 1988, Hans Nielsen ya ci a 1986, 1987 da 1989, sannan Jan O. Pedersen ya ɗauka a 1991. Ƙasa ɗaya da irin waɗannan mutane uku, amma zakaran ƙasa ɗaya ne a shekara. Ke nan wanda ya zo na biyu a Danmak yana iya fin zakarun ƙasashe da dama nesa ba kusa ba, kuma ƙa'ida ba ta san da wannan ba. Mai kallo da ya biya kuɗin tikiti so yake ya ga mafiya gwaninta suna gogayya kafaɗa da kafaɗa a kwanar farko. Idan tazara ta yi yawa, tseren kan ƙare tun daga sakin igiyar farawa, saura zagaye ukun bin sahu ne kawai. Ga shi kuma a watan Satumba na 1989 Gundersen ya yi mummunan haɗari a filin Odsal na Bradford, a wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin ƙasashe, kuma bai sake tsere ba. Har yau abin yana taɓa ni, don wasan ya rasa mutumin da ake cika fili saboda shi.

Sai batun abinci. Matuƙan nan ƙwararru ne, da gasar lig suke ci. A da Ingila ce cibiya, bayan faɗuwar gurguzu kuma kulob-kulob na Polan suka fara ɗaukar baƙi, ga Suwidin a gefe. Mutum yana tsere a ƙasashe biyu ko uku cikin mako guda, ga injuna da ke cin kuɗi wajen gyara. Gasar yini ɗaya da ba ta kai ka ga kambun duniya, dole ta koma baya a lissafinsa.

Lokacin ma tsarin wasan gaba ɗaya yana canjawa. Tun 1936 da Lionel Van Praag na Ostireliya ya ci a Wembley, wasan ƙarshe guda ɗaya ne ke fitar da zakaran duniya. Na ƙarshe irinsa shi ne na 1994 a garin Vojens na Danmak, wanda Tony Rickardsson ya ci. Daga 1995 aka koma jerin Grand Prix, ana tara maki daga gari zuwa gari, kuma Nielsen ne ya fara lashe shi.

In burinka ka ga 'yan ƙasashe daban-daban suna karawa, gasar Turai ta ɗaiɗaiku da aka fara a 2001 ita ta fi kusa da wancan guri, sai kuma gasar Kwalkwalin Zinariya ta Pardubice a ƙasar Cek, wadda ake yi tun 1929.