Likita, Don Me Za A Cire Lafiyayyen Haƙori Kafin A Sa Waya?

Assalamu alaikum jama'a, da fatan kowa yana lafiya. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu a kan magana ɗaya ce, wato cire haƙori kafin a ɗaura wayar gyaran haƙora, shi yasa na haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wata uwa ce a wani ƙauye wajen Ringim. Tace: "Likita barka da aiki. 'Yata shekararta 14, haƙoranta sun hau kan juna, fiƙarta ɗaya ma can sama ta ɓullo a dasashi, yara sai tsokanarta suke a makaranta har ta daina dariya a cikin mutane. Mun kai ta asibiti a Kano an ɗau hoto, sai likitan yace wai sai an cire mata haƙora huɗu kafin a sa waya. Wallahi haƙoran nan lafiyarsu ƙalau ko rami babu. Babanta yace shi bai yarda ba, neman kuɗi ne kawai. Dan Allah ya abin yake?"

Toh Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma a gaida maigidan. Ki ce masa nace in dai kuɗi ake nema to ba a cire haƙori suke ba, don a duk aikin nan cirewar ce mafi arha. Amma tsoronsa yana kan hanya, haƙorin babba in ya fita ya fita kenan, ba ya sake tsirowa, dole mutum ya yi tambaya.

Ga yadda abin yake. Babban mutum haƙoransa 32 ne, 16 sama 16 ƙasa, kuma girman haƙori da girman muƙamuƙi duk gado ne, sai ki ga yaro ya ɗauko manyan haƙoran dangin uba ya haɗa da ƙaramin muƙamuƙin dangin uwa. Kin san motar ranar kasuwa in an cusa mutum biyar a kujerar mutum huɗu, wani ya karkace, wani ya hau cinyar wani, wanda ya zo a ƙarshe kuma sai dai ya maƙale a ƙofa. To fiƙar sama ita ce mai zuwa a makare, sai wajen shekara 11 zuwa 12 take fitowa, lokacin sauran sun riga sun zauna, shi yasa kika ganta can sama. Waya bata ƙara girman ƙashi a irin wannan shekarun yadda mutane suke zato, jera haƙora take yi, kuma ba za ta jera su a inda babu fili ba.

Wanda ake cirewa kuma ba na gaba bane. Ki buɗe bakin yarinyar ki ƙirga daga tsakiya: na ɗaya, na biyu, na uku shi ne fiƙa, na huɗu wani ƙaramin turmi ne mai tsini biyu a kansa. Yawanci shi ake cirewa, ko na biyar da yake kama da shi sak. Da yake biyu ne a kowane gefe, in an ɗauke ɗaya ɗan'uwansa yana nan, manyan turamen da ake tauna tuwo da nama kuma ba a taɓa su ba. Faɗin kowanne kamar milimita 7 ne, kin ga in an cire na dama da na hagu an samu fili wajen milimita 14 kenan. Dalilin da yasa ake cewa huɗu kuwa, in aka cire gefe ɗaya kawai tsakiyar haƙoran sai ta goce ta bar saitin hanci, in kuma aka cire sama aka bar ƙasa alhali duka a cushe suke, ba za su hau kan juna daidai ba in ta rufe baki. Akwai dai bakin da biyu na sama kaɗai sun wadatar.

Kuma ba da ka ake yanke hukuncin cirewa ba, awo ake yi. In filin da ya gaza bai kai milimita 4 ba da wuya a cire komai, a kan ɗan faɗaɗa jerin ne ko a ɗan goge gefen haƙoran kaɗan kaɗan. In ya kai 10 ko ya wuce kusan kullum sai an cire. Tsakanin nan ne likita zai duba fuska, leɓe yana rufuwa ko ba ya rufuwa, dasashin mai kauri ne ko siriri. Ita kanta wannan gardamar ta babanta su likitocin sun daɗe da yin ta. Edward Angle na Amurka, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni, har ya mutu a 1930 yana kan cewa kada a cire ko ɗaya. Ɗalibinsa Charles Tweed ya bi maganarsa shekara da shekaru, sai ya ga bakin mutanen da ya yi wa aiki da yawa ya turo gaba, haƙoran kuma suna komawa yadda suke, ya sake musu aikin da cirewa ya nuna wa 'yan'uwansa likitoci a 1940. Yau dai kowane baki da nasa hukuncin.

Shawarata ku koma tare da babanta ƙafarsa ƙafarki, a nuna masa hoton da kwafin haƙoran yarinyar da likita yake zubawa don awo, ya tambaya nawa ne filin da ya gaza, kuma me zai faru in ba a cire ba. In zuciyarsa bata kwanta ba ku je wani ƙwararren ya sake dubawa, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba laifi bane kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba. Abin da kawai nake roƙo, kada wani ya ce muku a fizge fiƙar nan ta sama a huta. Ita ce mai saiwa mafi tsawo a baki, ita take riƙe kusurwar leɓe, kuma don a sauko da ita mazauninta ake duk wannan wahalar.

Wani matashi daga Sumaila yace: "Slm likita, kakata tace duk wanda aka cire wa haƙorin sama idonsa zai raunana, wani ma ya makance. Gaskiya ne?"

Samari a gaida Kaka, amma wannan kam ba haka bane. Jijiyar da ido yake gani da ita daban, hanyarta daban, bata bi ta saiwar haƙori ba. Abin da yake taɓa ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka ƙi cirewa ya tara mugunya, kumburin ya haura kunci har ya rufe ido, wannan shi ne abin gudu, kuma shi ne yake sa a kwantar da mutum a asibiti.

Sai wani malamin firamare daga Gwaram: "Dokta an ce sai na cire biyu. Akwai wani mai cire haƙori da yake zuwa kasuwarmu, kuɗinsa kaɗan ne. Zan iya cirewa a wajensa sai in tafi birni a sa min wayar?"

Haba Malam, kai da kake koyar da yara. A'a. Na farko dai haƙorin da zai cire maka lafiyayye ne mai ƙarfi, ba mai girgiɗi ba da yake jiran a taɓa shi, kuma na huɗun nan na sama sau da yawa saiwa biyu gare shi sirara, ko a hannun likita yakan karye balle a bakin kasuwa, in guntun ya zauna a cikin ƙashi sai an tsaga dasashi an tono shi kafin waya ta yi aiki. Na biyu, na huɗu da na biyar kama suke, in ya cire wanda ba shi ba fa? Wa za ka kama? Sannan filayar da ta fito daga bakin wani aka ɗauraye a bokiti aka sa a naka, ta nan ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau suke bi. Ka karɓi takarda daga likitan da zai sa maka wayar wadda ta nuna haƙori kaza da kaza, in Kano ta maka nisa ga Birnin Kudu nan kusa da ku, ga Dutse, ka je babban asibiti inda likitan haƙori yake ka miƙa takardar.

Wata ƙanwarmu daga Kazaure tace an sa mata rana sati mai zuwa, ita kuma tsoro ya hana ta barci, tana tambaya akwai zafi, kuma me zata yi bayan an cire.

Ƙanwata kwantar da hankalinki. Allurar kashe zafi ake yi a dasashi, tsinin allurar za ki ji kaɗan, daga nan leɓe ya yi nauyi kamar ba naki ba. Za ki ji ana turawa ana jijjigawa, har ki ji wata 'yar ƙara a cikin kunne, amma zafi babu, in kin ji ki ɗaga hannu a ƙara miki. Ki karya kumallo kafin ki tafi, kar a zo da azumin nafila ran nan, masu faɗuwa a kujera yawanci yunwa ce da tsoro. Kuma ki faɗa wa likita tun kafin ya fara in kina da sikila, ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ko ciki, ko in jininki yana daɗewa bai tsaya ba in kin yanke.

Bayan an cire za a sa miki auduga, ki cije ta da ƙarfi minti 30 ba surutu ba leƙawa. Duk sirrin warkewar yana wajen gudan jinin da zai daskare a ramin, shi za ki yi ta lallaɓawa. Ranar farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu akai akai, ba zungura da harshe, ko a alwala ki sa ruwan a hankali ki sunkuya ya zubo da kansa. Koko da shayi sai sun huce, fura, kunun gyaɗa, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka duk ba matsala, ki tauna ta ɗaya gefen. Washegari sai ki fara gasa wajen da ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, sau uku ko huɗu a rana har sati. Farasitamol ya isa yawancin mutane. Asfirin kam a'a, yana hana jini tsayawa, kuma garin maganin ciwon kan nan na 'yar takarda da ake sayarwa a shago da yawansu akwai shi a ciki. Kanwa, toka, garin taba, ruwan batir, dan Allah kar ko ɗaya ya shiga ramin nan ko wace gwaggo ce ta kawo. In a rana ta biyu zuwa ta huɗu ciwo ya taso sabo yana harbawa har kunne ga wari, gudan jinin ne ya fita, ki koma a wanke a sa miki magani. Haka in jini ya ƙi tsayawa bayan kin sake cije auduga, ko zazzaɓi da kumburi mai ƙaruwa.

Wannan kuma daga wata amarya ce a yankin Ɗambatta: "Likita bikina saura wata huɗu. In an cire yanzu giɓin zai rufe kafin biki? Bana son a ɗau hoto da wawulo."

Amarya Allah ya sa alheri, amma gaskiya ba zai rufe ba. Haƙori a cikin ƙashi yake tafiya, kamar milimita 1 a wata, in aka matsa masa fiye da haka saiwar ce take cinyewa. Aikin gaba ɗaya shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, wanda aka yi da cirewa ma yakan haura. Kuma duk sati huɗu zuwa shida sai kin koma an ɗaure wayar, ki lissafa kuɗin mota zuwa Kano da dawowa sau wajen ashirin, ki ɗora a kan kuɗin aikin.

Nan ne nake so duk masu tambayar nan su tsaya su yi tunani, musamman mu mutanen karkara. Wanda bai fara ba yana nan da haƙoransa a cushe amma cikakku. Wanda aka cire wa huɗu ya yi wata biyar ya daina zuwa saboda kuɗi sun yanke, ko damina ta kama, ko an kai ta gidan miji a wani gari ba a barin ta fita, shi ne ya yi asara biyu, haƙoran gefe su kwanto cikin giɓin a karkace, abinci ya riƙa maƙalewa, gyaran ya fi na farko wuya. Don haka ni dai a ganina ki bari a sha biki, ki zauna da angon ku yi maganar a nutse, ya san za ki riƙa zirga-zirgar asibiti shekara biyu kuma ya amince, a rubuta muku jimillar kuɗin da yadda za a biya, sannan a cire. Girma ba ya hana sa waya, 'yar shekara 30 ma ana sa mata in dasashinta lafiya. Ki kuma sani za ki yi sallama da rake, goruba, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara da gurguran ƙashi har a gama, ga goge baki da buroshi safe da dare ba fashi, bayan an kwance kuma akwai wata robar riƙe haƙora da ake sawa da dare, in kin watsar da ita su fara komawa. In kuma wushirya ce kawai take damunki, ni ban ga abin gyara a nan ba, wasu nema suke.

Ta ƙarshe, wani uba daga Gumel yace ɗansa mai shekara 7 sababbin haƙoransa na ƙasa sun fito ta bayan na nono, jeri biyu, ko a cire na gaban tun yanzu kar ya buƙaci waya.

Alhaji wannan ana yawan ganinsa kuma yawanci da kansa yake gyaruwa, na nonon ya faɗi, harshe ya turo sabon gaba. Ka ce ya riƙa girgiza shi da yatsa mai tsafta, in an yi wata biyu zuwa uku yana nan daram ko motsi baya yi, sai a kai shi a cire. Turamen nono na can baya su ne ba a so su fita da wuri, don su suke riƙe wa na dindindin wuri har shekara 10 zuwa 12, in sun ruɓe an cire su tun yaro yana ƙarami na baya sai ya matso ya cinye filin. Ka leƙa can ƙarshen jerin nasa ma, akwai wani babban turmi da yake fitowa wajen shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye suna ɗauka na nono ne su ƙyale alewa ta cinye shi, alhali na dindindin ne. Shi za ka fi sa wa ido in yana goge baki.