Kafin ki sa kaskon turare a akwati

Ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce Inna ta haɗa miki turaren wuta daga kasuwar Ringim, har da ɗan kasko da ƙullin gawayi, kina tambaya ko za a bar ki ki kunna a ɗakin haya a nan Ingila. Turaren ki taho da shi. Gawayin ki bar wa Inna.

A gidanmu ɗaki na ƙasa ne, ƙofa asabari, hayaƙi ya tashi ya bi tsakar gida. Nan cikin gini katako ne, ƙasa duk kafet, tagogi a rufe ruf watanni saboda sanyi. Shi ya sa za ki ga wani farin abu kamar murfin kwano manne a silin. Na'urar jin hayaƙi ce. Tun 2015 doka ta wajabta wa mai gidan haya ya sa aƙalla ɗaya a kowane hawa, ya kuma tabbatar tana aiki ranar da ɗan haya ya shiga.

Shekarata ta farko na kunna turare, ta fasa ƙara. Kunyar maƙwabta ta kama ni, na hau kujera na rufe ta da safa, na manta. Bayan makonni na ɗora tukunyar wake, barci ya sace ni. Na'urar ba ta ce uffan ba, don ni na toshe mata hanci. Bugun ƙofar wata maƙwabciya ne ya tashe ni, falon ya turnuƙe, ina tari kamar raina zai fita. Har yau in na tuna jikina yakan yi sanyi. Don Allah kada ki rufe ta, kada ki cire mata batir. In suyar albasa ta tayar da ita, buɗe taga, ki danna maɓallin tsakiya. Da yawansu sukan yi shiru kamar minti 10.

Duk wata ki danna maɓallin nan da sandar mofa har sai ta yi ƙara. In kin ji tana 'yar tsuwa lokaci-lokaci, batir ne ya yi sanyi. In na'urar ta shekara 10 kuwa, canja ta ake yi gaba ɗaya.

Gawayi ya fi wannan haɗari. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe masu kwana da garwashi ko janareta a ɗaki lokacin hunturu. Na'urar hayaƙi ba ta jin ta, tata daban ce.

Sai akwatin wuta, galibi kusa da ƙofar shiga ko ƙarƙashin matakala. A ciki akwai makunnin kariya mai ɗan maɓalli da harafin T. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da ya ga 'yar wuta kaɗan, miliamfa 30 a ma'aunin lantarki, ta ɓace, wataƙila ta jikin mutum take bi, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Duk wata 6 ki adana aikinki a kwamfuta, ki danna. In wuta ba ta ɗauke ba, rubuta wa mai gida ranar. In makunnin ya faɗi da kansa, zare komai daga soket, ki ɗaga shi, ki riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya har ki gano mai laifin. Dabarar gida ta ɗaura waya a fis ba a yin ta nan, kuma hitar tafasa ruwa ta bokiti ki bar ta a Ringim.

Wasu gidajen ɗalibai sun hana turare da kyandir kwata-kwata, saboda haka karanta takardar haya kafin ki sa hannu. Lambar 'yan kwana-kwana 999 ce. Ina da kaskon turare na lantarki guda biyu, na ajiye miki ɗaya. Ki gaishe min da Inna.